Makullin Tankin Mma

Wata ƙaramar roba koriya mai tsagaggen baki na fara gani. An ajiye ta a barandar ɗakinmu, daidai ƙarƙashin bututun da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigowa. Ranar da na iso unguwar Al Nahda a Dubai, ko jakata ban kwance ba na leƙa waje don in ga garin da na daɗe ina mafarkinsa. Na zaci zan ga teku da dogayen benaye masu ƙyalli. Abin da na tarar bayan wani bene ne, da shanyar mutane, da wannan roba tana karɓar ɗigon ruwa ɗaya bayan ɗaya. An rufe rabin bakinta da farin ƙyalle mai tsabta. Na daɗe ina kallonta, na ce a raina duk wanda ya yi wannan akwai abin da ke cin zuciyarsa.

Haka nake tun ina yarinya. Littattafan soyayya na haya su suka raine ni a Kano, har mai shagon unguwarmu yakan ɓoye mini sabon fitowa. Duk abin da na gani sai na ɗora masa labari. Mace ta yi shiru, to an yaudare ta. Namiji ya ƙura wa taga ido, to wata yake tunawa. Kawuna ne ya kawo ni Dubai in taya shi aiki a ofishinsa na kago, inda ake aika kaya zuwa gida. Ina raka Hajiyoyin Kano kasuwa, ina sa alama a jikin kwalaye kafin a kai su sito a Al Quoz. Shi ya samo mini gado a wani fulat na mata, inda aka raba ɗaki da labule, gadaje hawa biyu.

Mai robar ita ce mai gadon da ke ƙasan nawa. 'Yar Gana ce daga wani zangon Hausawa na bakin teku, ta girme ni sosai, tana aikin gyaran ɗakuna a wani otal. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, idanunta kullum a jiƙe, ba ka sanin ko kuka ta gama ko dariya za ta fara. Tun ranar farko na kira ta Yaya. Ita kuwa da ta ga tarin littattafan da ke ƙarƙashin matashina, sai ta raɗa mini Amarya, kuma ba ta taɓa canzawa ba.

"Yaya, wannan ruwan na mene ne? Ga famfo a banɗaki, ga na kicin."

"Ɗanɗana ki ji."

"In sha ruwan na'ura? Allah ya kiyaye."

"Wa ya ce ki sha? Taɓa da harshe kawai. Yalla, 'yar gatan Kano."

Na tsoma yatsa na taɓa. Ba shi da ɗanɗanon komai.

"Kin ji gishiri?"

"A'a."

"To khalas, shi ke nan. Ruwan da babu gishiri a cikinsa ba ya zuba ƙasa ina kallo."

Da shi take ɗauraye hijabanta, ragowar ta ba wata na'ana'a da ta shuka a gwangwanin madara.

A ranar hutunta takan zauna a bakin gado da waya a hannu, tana kallon wani hoto, tana shafa gilashin da babban yatsa, tana ajiyar zuciya. Ni kuwa daga sama na gama tsara komai. Wani masunci ne, mai faɗin ƙirji, iyayenta suka ƙi shi saboda talauci, ta tsallako teku tana aiki don su haɗu. Har suna na ba shi a raina. Wata rana na kasa haƙuri, na zuro kaina ƙasa na leƙa. Hoton wani ƙaton baƙin tankin roba ne, a tsaye a ƙofar wani shago.

"Yaya! Shi ne wannan?"

Ta yi dariya har tana dukan cinya. "Shi ne, Amarya. Kin ga tsayi? Kin ga ƙirji? Ba ya ƙarya, ba ya yawo, abin da kika ba shi ajiya shi zai mayar miki. Nuna mini irinsa a littattafanki."

A ranar ta ba ni labarin rijiyarsu. Kakanta ne ya haƙa ta a tsakar gida, kuma lokacin da take yarinya ruwanta daɗi ne da shi, har daga wasu unguwanni ake zuwa ɗiba. A hankali teku ya riƙa cin gaɓa, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙasa inda ba mai ganinsa. Aka fara jin ɗan zartsi da rani, sannan zartsin ya ƙi tafiya ko da damina. Sabulu ya daina kumfa. Wake ya daina nuna da wuri. In aka zuba madara a shayi sai ta tsinke. Duk rijiyoyin zangon haka suka koma, famfon gwamnati kuwa sai a yi makonni bai kawo ba, motar masu sayar da ruwa ba ta shiga lungunsu saboda yashi.

Mahaifiyarta, wadda take kira Mma, ita kaɗai ta rage a gidan. Hawan jini ya kama ta, ƙafafunta suna kumbura, kuma likita ya ce muddin tana shan ruwan rijiyar nan magani ba zai yi mata aiki ba. Abin da Yaya ke so ke nan a duniya: Mma ta sami ruwan daɗi da za ta sha daga ƙarshen damina har wata daminar. Don haka take gyara gadajen baƙi tun safe har bayanta ya ƙage.

An sayi tankin kafin damina. Aka gina masa dakali, aka kewaye rufin kwanon da indararo, aka jona bututu. Maƙwabciyarsu, matar wani tela, ita ce mai babbar waya, ita ke haɗa su kiran bidiyo. Ranar da ruwan farko ya sauka muna kicin da rana, ina yanka albasa, kiran ya shigo. Ƙarar ruwa a kan kwano ta cika fulat ɗin namu har matan da ke barci suka fito. Na ga Mma a karon farko, 'yar ƙaramar tsohuwa da zani a kafaɗa, ta janye bututun gefe ruwa yana kwarara a ƙasa.

"Mma, ki mayar da shi mana! Yana zuba a banza!"

"Ke, kin manta gida ne? Na farko na wanke kwano ne. Iskar teku ta shafe shi da gishiri, tsuntsaye sun yi nasu. Bari ya yi fari tukuna."

Mu ma haka muke yi a Kano, ba a tarar ruwan farko. Na ji kamar tsakar gidanmu nake kallo. Da ruwan ya washe, Mma ta mayar da bututun, ta tari kaɗan a ƙwarya, ta yi bismillah ta sha. Ta rufe ido. Ta daɗe ba ta buɗe ba. Yaya ta zauna a ƙasan kicin da rigar aikinta tana kuka, ni ma ina yi, ina cewa albasa ce. Da a littafi ne, a nan zan so a rufe labarin.

Suna da hanyar sanin inda ruwa ya tsaya a tanki. Ana ƙwanƙwasa jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Inda babu ruwa yana amsawa kamar ganga, inda ruwa yake kuwa sautin ya mutu, ya yi nauyi. Duk ranar hutu, bayan gaisuwa da tambayar magani, sai Yaya ta ce, "Mma, ƙwanƙwasa mini in ji." Mma ta ɗaga hannu ta buga da zoben azurfarta. Da damina tun daga wuyan tankin sautin yake mutuwa, Yaya ta kashe wayar tana waƙa.

Da ruwa ya ɗauke, gangar ta fara sauka, kuma ta fi saurin da bakin tsohuwa ɗaya zai iya sha. Wata ranar Mma ta fara bugawa daga daidai ƙugunta.

"Mma, daga sama za ki fara."

"Kafaɗata ke ciwo."

"Maƙwabciya, don Allah taimaka mata."

Matar tela ta buga daga sama. Ganga. Ta sauko, ganga. Sai da ta wuce rabi sautin ya mutu, alhali rani bai ko yi nisa ba.

Ba sata aka yi ba. Wata ta haihu a lungun, aka zo neman ruwan da za a ba mai jego. Wani tsoho yana jinyar ƙoda. Yara masu dawowa daga makaranta suka gane ƙofar da ake samun ruwa mai daɗi. Aka yi suna, aka yi rasuwa, aka sauki baƙi. Kowa da ɗan kofinsa ko butarsa yake zuwa, ba mai zuwa da jarka, kuma kowa sai ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe ta. A zangon, wanda ya tsaya a ƙofarka ya ce ƙishi yake ji, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne. Kakan Yaya ma ƙofa biyu ya yi wa gidan, ɗaya don masu zuwa rijiya kada su ji nauyin ratsa tsakar gida. Wannan ƙofar har yanzu tana nan, kuma ba ta da sakata.

Ni na raka Yaya kasuwar Karama muka sayi kwaɗo. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta gwada wancan da haƙori kamar mai sayen zinariya, har mai shagon ya gaji ya ce, "Habibti, banki za ki kulle?" Ta zaɓi wani mai ruwan tagulla, mai nauyi. Aka ba wata mai tafiya Gana saƙonsa, aka sa maƙeri ya yi wa famfon tankin akwatin ƙarfe. A kira na gaba Mma ta nuna mana shi da fara'a, a kulle ram. Daidai samansa, a jikin ƙusa, makullin yana lilo.

"Mma, makullin me yake yi a nan?"

"Don kada in manta inda na ajiye. Kin san kaina yanzu."

"Ki ɗaure shi a bakin zaninki!"

"In ɗaure, in suka zo in ce musu me? In ce 'yata da ke ƙasar Larabawa ta ce ku mutu da ƙishi?"

"Ki ce na magani ne. Likita ne ya ce, ba ni ba."

"Ranar da na faɗi a banɗaki, wa ya ɗauke ni? Likita? Wadda ta goya ni a bayanta har bakin titi, jikanta ne ya zo jiya da kofi. Ke faɗa mini da wane baki zan ce masa babu."

"Mma, ni don ke na saya."

"Na sani, uwata. Allah ya yi miki albarka. Amma gidan nan ba a taɓa hana ruwa a cikinsa ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

Yaya ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba. Muna jin kaji, da muryar wata mata tana sallama, da ƙarar akwatin ƙarfe ana buɗewa.

Na so in taimaka, amma irin taimakon da na sani na littafi ne. A can, in abu ya kai nan, wani mai arziki ne ke fitowa da farar mota. Na samu wani Alhaji cikin masu aiko kaya ta ofishinmu, mutumin kirki, na ba shi labari. Ya tausaya, ya ce shi zai ɗauki nauyin haƙa burtsatse. Na dawo gida kamar in tashi sama. Yaya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce an taɓa haƙawa a bakin masallacinsu, iya zurfin da aka yi iya ɗacin da aka samu, domin tekun yana ƙasa yana jira. Na ce to a ƙara tanki. Ta ce rufin ɗaki biyu ne, abin da yake tarawa ke nan, kuma ko da rufin ya kai filin ƙwallo, bakunan zango sun fi shi yawa. Ban sake kawo wata shawara ba.

Wata rana mun sauko daga bas da tsakar rana, zafi kamar zai narka takalmi, muka biya ta wani masallaci da ke da na'urar ruwan sanyi ta sadaka a jikin katangarsa, irin wadda ake sawa don masu wucewa. Leburori sun yi layi, muka bi bayansu. Yaya ta cika gorarta ta sha, ta goge baki, ta tsaya tana kallon famfon.

"Kin ga, Amarya, ni ma ruwan wani nake sha. Ban san shi ba, bai tambaye ni 'yar gidan wa ce ba." Ta rufe gorar. "Wai kuma wannan ma daga teku suka ɗebo shi suka cire gishirin. Tekun nasu yana jin magana."

A ƙarshen ranin nan ne ta gano sauran. Matar tela ta jingine wayar a kan turmi, Mma tana haɗa shayi suna hira. Ni ban ga komai ba, amma Yaya ta matso da fuskarta har hancinta yana taɓa gilashi. Bakin tukunyar ya yi farin ɓawo, kuma da Mma ta zuba madara sai ta tsinke ta taso sama.

"Mma. Ruwan ina ne wannan?"

Mma ta ci gaba da juya shayin.

"Mma, na rijiya ne?"

"Ɗan abin da ya rage a tankin ba yawa. Akwai jarirai a lungun nan. Ni bakina ya saba, su nasu bai saba ba."

Yaya ba ta yi faɗa ba. Na so ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta ce kawai, "To, Mma," da wata ƙaramar murya irin ta yarinya. Daga baya ta aika a riƙa saya mata ruwan leda, amma shi ma hanyar da na tankin ya bi ita ya bi.

A shekarar ne aka yi wani ruwan sama a Dubai da ban taɓa ganin irinsa ba. Tun safe gari ya yi duhu, titunan Al Nahda suka zama kogi, motoci suka tsaya cak, ba wadda ta iya fita aiki a fulat ɗinmu. Matan suna ta ɗaukar hoto suna ihu. A can gida kuwa damina ta yi jinkiri, tankin ya daɗe da zama ganga tun daga wuya har gindi. Na fito baranda na tarar Yaya ta kwaso duk abin da ke da baki: bokitan wanka, tukwane, kwanon cin abinci, har kofunan shayi. Duk sun cika sun tumbatsa, tana tsaye a tsakiyarsu jiƙe sharkaf, hannuwanta a buɗe, ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunta.

"Amarya, ke da kuke kago," ta ce ba ta juyo ba, "ba kwantenar da ke ɗaukar wannan?"

Na san ba amsa take nema ba. Na tsaya kusa da ita muka jiƙe tare. Washegari matan suka buƙaci tukwanensu, muka tuttular da ruwan a banɗaki.

Ba a daɗe ba matar tela ta kira da hantsi, ba a ranar hutu ba. Mma ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Wurin aikin Yaya suka ce hutu sai lokacinsa ya yi. Ta ajiye aikin. Na raka ta filin jirgi da akwati ɗaya da buhun magunguna, ina ta tsara kalaman bankwana masu daɗi a raina, amma da lokacin ya zo ba wanda ya fito. Ita ce ta rungume ni ta ce, "Robata tana baranda. Kada ki bar ta ta tumbatsa. Kuma in kin samu mai faɗin ƙirjin, ki ƙwanƙwasa shi tukuna ki ji ko akwai wani abu a ciki."

Mma ta yi kusan shekara a kwance, tana shan ruwan tanki a cokali daga hannun 'yarta, sannan Allah ya karɓi abarsa. Na yi zaton Yaya za ta dawo, har na riƙa hana a ba da gadonta. Ba ta dawo ba. Ta ce in ta rufe gidan ta tafi, wa zai janye bututu ranar ruwan farko.

Shekaru sun wuce. Na yi aure, na bar Al Nahda, na'ana'ar ta mutu a hannuna, robar ma ban san inda ta shiga ba wajen tashi. Muna gaisawa da Yaya jefi-jefi. Tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidan. A ranin da ya wuce na kira ta da bidiyo, na same ta zaune a kan dakalin tankin, ta yi furfura a gaban goshi, ta miƙe ƙafafu a kan wata 'yar kujera. Na ga sun kumbura har idon sawun ya ɓace. A bayanta kwaɗon da muka saya a Karama ya yi kore saboda iskar teku, makullin yana jikin ƙusarsa.

"Yaya, ba ki ɗaure shi a zani ba?"

"Na ɗaure, wallahi. Kwana biyu na yi da shi. Sai wata ta zo da jariri a baya." Ta yi dariya, wushiryar tana nan yadda na san ta. "Ke dai bari, Amarya."

"Wane ruwa kike sha?"

"Ina yaranki? Ina angon?"

"Yaya, ƙwanƙwasa mini in ji."

Ta dube ni ta cikin wayar. Sannan ta ɗaga hannu, zoben Mma a yatsanta, ta fara daga daidai ƙugunta.